Layar da Na Ɗinke a Waƙar Kawu

Litinin, 4 ga Satumba, bayan la'asar

Abokina Buba ne ya fara nuna mini. Ya tsayar da napep ɗinsa a ƙofar shagona, ko kashewa bai yi ba, ya miƙo mini waya ya ce in karanta. Na ce masa ni ba malamin ajinsu ba ne, in caji zai sa ya kawo, in waƙa zan tura masa ya faɗi wacce. Ya ce dai in karanta.

Waƙar Kawu Zarami ce ke tashi, ta gora, goran da masunta ke hawa a ruwa, wadda na ɗauka da hannuna ranar sunan 'yar Mansura, 'yar'uwata. A ƙasan sunan waƙar, inda ake ganin sunan mawaƙi, wani rubutu ne ke tafiya a hankali, ya shige gefe, ya sake dawowa.

Rubutuna ne.

Buba ya tambaye ni wane ɗan iska ne ya yi wannan. Na ce ina zan sani, duk wanda ya sayi waya a Haɗeja yanzu gani yake shi injiniya ne. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ja napep ɗinsa.

Talata, 5 ga Satumba, da safe

Ba zai yiwu ba. Shekara biyar ina tura wa mutane waƙa da karatu a memori, na san kwamfutar nan fiye da yadda na san hanyar gidanmu. Abin da ka rubuta a manhajar jin waƙa, a cikin manhajar yake zama. Na sani don ta taɓa cin amanata. Shekara biyu da suka wuce na kwashe watanni ina sa wa waƙoƙi suna, na mawaƙi da na waƙa, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka wanke mini kwamfutar komai ya tafi, waƙoƙin suka koma ba suna ba uba, don ashe a kundinta ta ajiye sunayen, ba a jikin waƙoƙin ba.

To yaya aka yi abin da na rubuta don idona ni kaɗai ya fita?

Talata, da azahar

Na gano. Da ban gano ba.

Bayan waccan asarar na canza manhaja. A cikin sabuwar akwai wani ɗan akwati da ake dannawa, mai cewa duk gyaran da ka yi a rubuta shi a cikin fayil ɗin kansa. Ni na danna shi. Da wannan yatsan. Har na tuna ina yi wa Buba burga a ranar, wai daga yau ko kwamfutar ta ƙone sunayena ba za su ɓata ba.

Ba su ɓata ba kuwa.

Laraba, 6 ga Satumba, bayan magariba

Na zauna na karanta yadda abin yake, da Turancina na tsince-tsince da na koya a jikin kwalayen waya. Sunan fayil, wanda kowa ke gani a folda, kamar sunan da ake rubutawa a bayan buhun shinkafa ne, kowa na iya gogewa. Amma akwai wani rubutun a ciki, an cusa shi a jikin waƙar kafin muryar ta fara. Tag suke ce masa. Ni laya na ce masa, don haka yake: rubutu ne a naɗe, an ɗinke shi a ciki, duk inda mai shi ya je da shi yake tafiya ko bai san me aka rubuta ba.

A bayan buhu na rubuta "Kawu Zarami, waƙar gora". A cikin layar na rubuta ɗayan.

Kuma waƙar nan na tura ta ga duk wanda ya kawo memori tun watan jiya. Ba sa ma tambaya, kyauta nake ƙara musu, ina cewa ku ji kawuna.

Alhamis, 7 ga Satumba, da safe

Kawu ma ai da laifinsa. A bar ni in faɗi wannan ko a takarda ne.

Rannan a majalisar bakin kasuwar kifi, mutum ya fi goma a zaune, aka ce ruwa ya fara cin hanyar ƙauyensu, kwanan nan sai da kwale-kwale. Na ce to ni da zuwa sai rani. Shi ne ya kwashe da dariya, ya ce ku ji ɗan masunci, jinin Shu'ibu, ko kwata ba ya tsallakewa sai ya yi bismilla uku. Ya ce da za a yi su a cikin kwamfuta da na zama sarkin ruwa. Kowa ya yi dariya, har mai shayi.

Shi ne zai kira sunan babana a maganar ruwa. Shi.

Na tashi na bar musu majalisar, wanda ba halina ba ne. Na dawo shago na buɗe waƙarsa, na goge sunansa, na rubuta abin da na rubuta. Na kalla, na ji sanyi a raina, na ci gaba da aiki. Na ce gobe zan mayar. Na manta.

Alhamis, da yamma

Da na zage shi a majalisar da ya fi. Da yanzu an manta.

Asabar, 9 ga Satumba, bayan azahar

Na gyara ta wurina. Na rubuta a kwali na manna a ƙofa: duk wanda na tura wa waƙa ya kawo memorinsa a duba, bairos ya shigo gari. Ƙarya ce, amma mutanen nan sun fi tsoron bairos a kan kunama. Yau na gyara goma sha tara.

Wani ya tsaya yana mini gardama wai shi wayarsa tana da rigakafi. Na ce masa kai ma an yi maka rigakafi kana yaro, ga shi bai hana ka zama abin da ka zama ba. Ya tafi da memorinsa ban gyara ba. Bakin nan nawa.

Litinin, 11 ga Satumba, da hantsi

Kawu ya zo shago.

Ya kawo mini tarwaɗa banda guda biyu a naɗe cikin takardar siminti. Ya ce tun daga tasha har nan sau uku ya ji muryarsa, a napep, a wurin mai faci, da a wayar wata mai ƙosai. Ya ce shekara arba'in yana waƙa a kan ruwa kifi ne kawai ke ji, yau ɗan ƙanwarsa ya sa shi a aljihun mutane. Ya ce matasa har nuna shi suke yi suna kallon waya suna kallonsa.

Bokon ba ya karantawa. Allo kawai ya yi.

Ya ciro ƙaramar wayarsa mai ɗaure da roba, ya kunna, ya sa mini a fuska yana nuna rubutun da farce.

"Nan sunana ne ko, Abdu?"

Na ce eh.

"Ashe sunana na da tsawo haka a boko."

Na ce ya kawo in duba masa bairos. Na gyara, na mayar masa. Ya sa mini albarka ya tafi. Kifin na nan a kan benci, ban iya taɓawa ba.

Talata, 12 ga Satumba, da la'asar

Mai faci ya dawo da wayarsa, ya ce gyaran me na yi, rubutun na nan. Na ce idonsa ne ke buƙatar faci. Na karɓa na duba. Yana nan.

Na koma karatu. Ashe layar biyu ce. Akwai sabuwar iri a goshin waƙar, akwai tsohuwar iri a can wutsiya, bayan murya ta ƙare. Ranar da na yi ɓarnar manhajar ta rubuta duka biyun. Da na zo gyara da wata 'yar manhaja mai sauri, ta goshin kawai ta taɓa. Ƙananan wayoyi irin ta mai faci, ta wutsiyar suke karantawa.

Irin ta Kawu ke nan.

Duk waɗanda na gyara tun Asabar sai an sake. Har tasa.

Talata, bayan isha'i

Tsohuwar layar harafi talatin kawai take ɗauka, abin da ya wuce haka sai ta yanke. Na ƙirga nawa. Ashirin da takwas. Ni da ba na iya gajarta magana, ranar ce kaɗai na gajarta. Da na ƙara ko kalma biyu a gaba, da sunan babana bai fito ba.

Zan rubuta shi sau ɗaya a nan, don in daina kewaye-kewaye kamar ba ni na yi ba.

Wanda ya saki hannun Shu'ibu.

Alhamis, 14 ga Satumba, da safe

Memori talatin da ɗaya na gyara zuwa yau.

Juma'a, 15 ga Satumba, bayan masallaci

Manyan wayoyin ma da nasu iskancin. Ka gyara waƙar sarai, goshi da wutsiya, ka mayar da memori, wayar ta ci gaba da nuna tsohon rubutun, don ta riga ta kwafe shi a nata kundin ranar da ta fara ganin waƙar, kuma ba ta sake dubawa sai ka tilasta mata. Sak mutanen garin nan. Abin da suka fara ji a kanka shi ke nan.

Ni ma haka na ji. Ina ɗan shekara tara wata tsohuwa a layinmu ta faɗa a gabana, tana tsammanin ba na saurare: shekarar babban ruwa kwale-kwale ya kife da su, Zarami ya kama hannun Shu'ibu, sannan ya saki. Shi ya fito, babana bai fito ba. Na tambayi Inna, ta ce kada in sake. Na ce a raina to ai yayanta ne, dole ta rufa masa. Shekara goma sha biyar ban sake dubawa ba.

Lahadi, 17 ga Satumba, da yamma

Buba ya kai fasinja Auyo. Ya ce mai kiɗan biki na can yana da ita, ya sa ta a lasifika, rubutun na yawo a fuskar na'urarsa da jan haske. Wani direba ya ce masa ya gan ta a Miga. Ba ni na kai ta Miga ba. Waya ce ke ba waya, ba sa neman izinina.

Buba ya ce ya san ni ne tun ranar farko, don babu mai sa wa Shu'ibu wannan 'yar alamar ta sama a rubutun waya sai ni, mai iyayin tsiya. Ya ce zai riƙa karɓo mini memorin fasinjojinsa.

Talata, 19 ga Satumba, da azahar

A kasuwar kifi yau, in ji mai shayi, Kawu ya ɗaga kwandon karfasa zai ɗora wa wani a babur, sai wani matashi ya ce Baba Zarami a riƙe da kyau, kada a saki. 'Yan wurin suka tuntsire. Wai Kawu ya tsaya da kwandon a hannu bai ɗora ba bai sauke ba. Daga baya ya kira wani ɗan makaranta da ke wucewa, ya ba shi wayarsa ya ce karanta mini.

Ta wutsiyar. Na ce zan nemo shi in sake gyarawa, na yi ta cewa gobe don ba na son haɗa ido da shi.

Na tambayi mai shayi sunan matashin, na ce sai na fasa masa baki. Ya ce mini shi yaron karantawa kawai ya yi, wanda ya rubuta ya kamata a nema.

Laraba, 20 ga Satumba

Ban buɗe shago ba.

Alhamis, 21 ga Satumba, da safe

Mansura ta gaya wa Inna. Ban ga laifinta ba, a wayar mijinta ta gani.

Na yi tsammanin faɗa. Na ma shirya amsoshina tun a zaure, har da maganar kwata da bismilla uku. Na sami Inna tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba. Ta bar ni na yi ta zuba, na ce shi ya fara, na ce kowa ya san maganar ba ni na ƙirƙira ba, na ce in ƙarya ce me ya sa ba wanda ya taɓa ƙaryatawa. Sai da na gaji don kaina.

Ta ce ba ƙarya ba ce, ya saki.

Sannan ta ce: "Hannu biyu Allah ya ba shi, Abdulrahman. Ka taɓa tambayar me ke ɗayan?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Alhamis, bayan la'asar

Shekarata huɗu a lokacin. An ce mini ina gida.

Wa ma ya ce mini ina gida? Ba wanda ya ce. Ni na ɗauka. Ashe ina cikin jirgin.

Asabar, 23 ga Satumba, da safe

Ko kwata ba na tsallakewa. Kawu ya fi kowa sanin dalili, kuma shekara ashirin yana mayar da abin wasa don kada in tambaya.

Lahadi, 24 ga Satumba, da yamma

An yi bikin ɗan sarkin ruwan ƙauyensu jiya. Shekara da shekaru Kawu ke buɗe wa masunta taro da waƙar gora. Buba ya ce an jira shi, an aika, ya ce muryarsa ta dushe.

Sittin da huɗu. Na zauna ina gyara wa mutane waƙar mutumin da na rufe wa baki.

Laraba, 27 ga Satumba, bayan magariba

Na je.

Buba ya kai ni har inda ruwa ya yanke hanya. Daga nan sai kwale-kwale, kuma masu fito uku ne a wurin, ɗayansu Kawu. Na tsaya a kan tudu kamar an dasa ni. Ruwan ya shanye gonakin shinkafa, kan ciyawar kacala kawai ake gani. Mata da ƙullin kaya suna wuce ni suna shiga, wata har ta ce in ba tafiya zan yi ba in matsa.

Ya gan ni tun daga nesa. Ya gama lodin mutanensa, ya ce wa na kusa da shi ya kwashe su, shi ya turo nasa ba kowa a ciki har gabana. Bai gaishe ni ba, ban iya gaishe shi ba. Ya miƙo hannu.

Na kama. Tafin kamar bawon itace. Bai sake ni ba sai da na zauna, kuma ko da na zauna ya ɗan ƙara riƙewa.

Muka yi nisa. Ina riƙe da gefen jirgin da hannu bibbiyu, idona a kan ƙafata. Na fara bayani, Allah ya sani ban san me ya kai ni ba, wai akwai wani akwati da na danna, wai layar biyu ce, wai ban yi nufin ta fita ba. Ya bar ni na gama. Ya tambaya, to da ba ta fita ba, da tana nan a cikin kwamfutar tawa ina kallo kullum? Na ce eh. Ya ce to gara da ta fita.

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun a kasuwa, kafin ya sauke kwandon. Ya ce abin da na rubuta ba ƙarya ba ne, shi ma yana karanta shi kullum ba tare da boko ba. Abu ɗaya ne ya ce na yi kuskure.

"Waƙar ba tawa ba ce. Ta babanka ce. Shi ya yi ta, a kan gora, muna samari. Ni riƙe masa nake yi."

Na ce to ya ci gaba da riƙewa. Ya girgiza kai. Ya ce yanzu in ya buɗe baki ba waƙar mutane za su ji ba, hannunsa za su kalla.

Ya juya jirgin ya mayar da ni inda Buba ke jira. Ban ma shiga ƙauyen ba. Da zan sauka na ce ya ba ni wayarsa in gyara da gaske wannan karon. Ya ce ya ba wa ruwa memorin tun ranar.

Juma'a, 29 ga Satumba, da hantsi

A cikin layar akwai gurabu da yawa da ban taɓa kulawa da su ba. Na mawaƙi, na shekara, na irin kiɗa. Akwai wani can ƙasa, na wanda ya tsara waƙar. Shekara biyar ina tsallake shi, ban taɓa cike wa kowa ba.

Na rubuta Zarami a na mawaƙi. Na rubuta Shu'ibu a wancan.

Tsohuwar layar ta wutsiya ba ta da wannan gurbin, don haka ƙananan wayoyi ba za su nuna shi ba. Manyan ma sai wanda ya tona. Ba komai. Yana ciki.

Na gaya wa Inna. Ta ce in kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce babana ya fi jan baitin nan na biyu, Zarami gaggawa yake yi. Ban taɓa jin ta faɗi wani abu game da muryarsa ba sai yau.

Litinin, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Tamanin da bakwai. Mutane sun daina kawowa, sun ce bairos ɗin ya wuce.

Ɗazu wata napep da ban sani ba ta tsaya a ƙofar shago, mai lambar wani gari, tana sauke fasinja. Muryar Kawu ce ke tashi a ciki. Na bar mai caji a tsaye na fita da gudu, na ce wa direban ya ba ni memorinsa minti biyu, kyauta. Ya ce sauri yake yi. Na ce don Allah. Ban zage shi ba, ban ce komai a kan kansa mai kama da tulu ba, don Allah kawai na ce, sau uku.

Ya ce wani lokacin. Ya ja.

Na hango fuskar rediyon kafin ya sha kwana. Rubutun na tafiya a hankali, ya shige gefe, ya sake dawowa.